Kumburin bakin mahaifa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa: yadda ake gano shi da yadda ake maganinsa

A ɗakin duba mata na kusan kowane asibiti akwai wata irin marar lafiya da ma'aikata suka saba gani. Shekarunta ba su wuce 19 zuwa 25 ba, aurenta bai fi shekara biyu ko uku ba, ta shigo da leda cike da kwalayen magungunan da ta shanye da takardun gwaji uku ko huɗu. Kukanta ɗaya ne: ruwa yana fita ta gabanta, wata rana fari, wata rana ruwan ɗorawa, ƙasan mararta ya yi nauyi, in maigida ya kusance ta sai ta ga ɗigon jini a zanen gado. An ce mata sanyi ne. Ta sha na kemis, ta sha na gargajiya, ta yi matsi, ta zauna a ruwan bagaruwa. Abin ya lafa mako biyu, ya dawo.

Kalmar "sanyi" ɗin nan ita ce cikas na farko. Buhu ce da aka zuba cututtuka aƙalla shida a ciki, kowacce da sanadinta da maganinta, wasu ma ba ƙwayar cuta ce ke kawo su ba. Kumburin bakin mahaifa ɗaya ne daga cikinsu, shi ma kuma ba cuta ɗaya ba ce. Alama ce cewa wani abu yana damun wurin. Muddin ba a gano abin ba, magani zai zama harbi a duhu.

Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa da ya leƙo cikin farji, tsawonsa kamar santimita 3 zuwa 4, da 'yar ƙofa a tsakiya wadda jinin al'ada ke bi ya fito, maniyyi ke bi ya shiga. Fata iri biyu ce ke lulluɓe shi. Ta waje mai kauri ce, hawa-hawa, santsi, irin ta cikin farji. Ta cikin ƙofar kuwa hawa ɗaya ce tak, ja ce, taushi gare ta, ita ke fitar da majinar da ke canza kauri a tsawon wata. A jikin budurwa da matashiyar mace, da mai ciki, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, wannan jar fatar ta ciki takan faɗaɗo waje ta kewaye ƙofar kamar an shafa jan-baki. Sinadarin mata na istirojin ne ke sa haka, ba ciwo ba ne, kuma da shekaru suka ja takan koma ciki da kanta. Amma abu biyu ke biyo baya. Ƙwayoyin kilamidiya da gonoriya, cututtuka biyu da ake ɗauka ta saduwa, wannan fatar ce abincinsu, don haka matashiya ta fi babbar mace saurin kamuwa. Sannan wanda idonsa bai saba ba yakan ga jan nan ya ce gyambo ne, ya shiga neman ƙona shi.

Masu kawo kumburin

Na gaba-gaba su ne kilamidiya da gonoriya, duka ta saduwa ake ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an samu sababbin kamuwa da kilamidiya miliyan 129, gonoriya miliyan 82, tirikomonas (ita ma ta saduwa ake ɗauka) miliyan 156, a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. Kilamidiya ita ce mai lulluɓi. Mafi yawan matan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, takan zauna wata da watanni, har fiye da shekara, tana hawa a hankali zuwa cikin mahaifa da bututun ƙwai. Akwai wata kuma da ba a cika ambata ba, maikofilasma, wadda ta yi suna wajen jure magani, kuma ita ake fara zargi in an yi maganin kilamidiya da gonoriya daidai amma ruwan bai tsaya ba. Tirikomonas da hafis sun fi taɓa fatar waje: ta farko takan zo da ruwa mai kumfa da ƙaiƙayi, ta biyu da ƙuraje masu fashewa su bar gyambo mai raɗaɗi. Rikicewar ƙwayoyin farji, wadda ke kawo ruwa mai ƙarnin kifi, ita ma takan tafi tare da kumburin. Farin ruwa mai guda-guda kamar kindirmo da ƙaiƙayi mai tsanani kuwa na kandida ne, ciwon farji ne ba na bakin mahaifa ba. Shi ya sa matsin Canesten ba ya yi wa kumburin bakin mahaifa komai, ko an yi kwali goma.

Ba a ɗaukar kilamidiya ko gonoriya a ban-ɗaki. Ƙwayoyin ba sa rayuwa a kan masai ko buta. Wannan magana ta yaɗu ne don tana rufa asiri, amma illarta ita ce a yi wa mace magani ita kaɗai a bar mijinta.

A wani kaso babba na mata kuma, duk gwajin da za a yi ba za a samu ƙwayar cuta ba. A nan ake waiwayar abin da ake sa wa wurin. Farji yana da tsaminsa na halitta, ma'auninsa tsakanin 3.8 da 4.5, wasu ƙwayoyi masu amfani ne ke riƙe da shi. Kurkure ciki da sabulu ko Dettol ko ruwan gishiri, matsin alimun, kayan mata da ake turawa ciki, turare da man shafawa masu ƙamshi, duk suna kashe waɗannan ƙwayoyin su kuma ƙona jar fatar nan mai hawa ɗaya. Mace ta ga ruwa ya ƙaru, ta ƙara wanki da matsi, wankin ya ƙara ruwan. Wasu kuma jikinsu ba ya shiri da robar kwaroron roba ko sinadarin kashe maniyyi da ke jikin wasunsu.

Akwai wani sanadi da ya shafi ƙasarmu kai tsaye, ana kuma yawan tsallake shi: tsargiya. Tsutsar da ke sa yara maza fitsarin jini ita ce dai ke zuba ƙwai a bakin mahaifa da farjin yarinyar da ke wanka ko wanki a rafi, tafki da hanyoyin ruwan noman rani, irin na Kadawa da Bakolori da gaɓar kogin Kwara. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke da wannan nau'in a Afirka kudu da Sahara. Alamominsa sak na ciwon saduwa ne: ruwa, jini bayan saduwa, ciwon mara. A ido akan ga tabo mai kama da yashi, ruwan ɗorawa-ɗorawa, da jijiyoyin jini a murɗe. Budurwar da ba ta san namiji ba takan zo da shi, a zarge ta da abin da ba ta yi ba. Tambaya ɗaya ce ke buɗe wannan ƙofa: "A wane ruwa kike wanka tun kina ƙarama?"

Dubawa kafin gwaji

Ba a gane kumburin bakin mahaifa ta labari kawai, ba a kuma gane shi ta sikanin. Sai an gani da ido. Bayan an tambayi yaushe abin ya fara, ranar al'adar ƙarshe, abin da take sawa a gaba, magungunan da ta sha, ko mijin yana jin zafin fitsari ko ɗiga, ko akwai abokan zama, sai a yi gwajin ciki, domin shi zai raba maganin da za a iya bayarwa da wanda ba za a iya ba. Sannan ta kwanta, a sa ƙarfen buɗe gaba a hankali da fitila mai haske. Mace tana da damar neman ma'aikaciya mace, ko wata ta tsaya a kusa.

Alamu biyu ne ke tabbatar da kumburin. Na ɗaya, majina mai haɗe da mugunya tana fitowa daga cikin ƙofar. In aka zura farar auduga a tsinke aka ciro, za a ga ta rine ruwan ɗorawa ko kore-kore. Na biyu, jini ya tsattsafo ya ci gaba da fita daga ɗan shafar audugar kawai. Ɗaya daga cikinsu ya isa. Ja shi kaɗai ba hujja ba ne.

Daga nan sai a sa yatsu biyu ciki, ɗaya hannun a kan mara, a motsa bakin mahaifar. Wannan mataki ba a tsallake shi. In ta zabura don zafi, ko gefen mara ya yi tsami, ciwon ya riga ya haura sama, maganin kuma ya canza gaba ɗaya. Budurwa ba a sa mata ƙarfe. Fitsarin farko ko audugar da za ta shafa da kanta a bakin farji sun wadatar.

A wajen gwaji ne kuɗin mata da yawa ke zurarewa. Gwajin da aka fi rubutawa shi ne HVS, wato a ɗebo ruwan farji a shuka shi a faranti. Sakamako ya fito an rubuta "Staph" ko wata ƙwayar hanji, da jerin magungunan da za su kashe ta. Waɗannan ƙwayoyi kuwa sau da yawa mazauna fata ne ko 'yan rakiya da suka hau audugar, ba su ne suka kunna wutar ba. Kilamidiya a cikin ƙwayar halittar mutum take rayuwa, ba ta tsirowa a irin wannan faranti ko kaɗan. Gonoriya kuma sai an ɗebo daga cikin ƙofar, an kai da wuri, an shuka a faranti na musamman. Saboda haka mace na iya yin HVS sau biyar, ta sha allurai kala-kala na "Staph", ainihin ciwon yana nan zaune.

Gwajin da ya dace shi ne mai neman ƙwayar gadon cutar, wanda aka fi sani da PCR. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana da harsashi, wato ɗan kwanson gwaji, na kilamidiya da gonoriya, tana ba da amsa cikin kamar minti 90, inda aka tanadi harsashin. Tare da shi akwai masu araha da ke da amfani ƙwarai: a auna tsamin ruwan farji da 'yar takarda, in ya haura 4.5 a zargi rikicewar ƙwayoyi ko tirikomonas. A ɗiga ruwan a gilashi a duba da madubin likita nan take, don tirikomonas tana daina motsi cikin mintuna kaɗan, kuma ko an yi sauri kusan rabi na iya kuɓucewa. Fararen ƙwayoyin jini fiye da 10 a fili ɗaya na madubin suna ƙarfafa zargin kumburi. Duk wadda aka samu da kumburin a yi mata gwajin HIV da na tunjere, domin kumburarren bakin mahaifa ƙofa ce a buɗe ga HIV, shiga da fita.

Sai wata takarda da ke tayar wa mata hankali a banza. Sakamakon gwajin Pap, wato na neman alamun farkon sankara a bakin mahaifa, ko na ɗan naman da aka yanka yakan fito da rubutun cewa akwai daɗaɗɗen kumburi. Wannan bayanin abin da aka gani ne a madubi, kuma ana ganinsa a kusan duk macen da ta taɓa haihuwa. Haka 'yan ƙullutun majina da sikanin ke nunawa a bakin mahaifa, ramukan majina ne da suka toshe, ba su da illa. In babu mugunya, babu jini, gwajin ƙwayoyi ya fito lafiya, ba takarda ake yi wa magani ba.

Maganin da adadinsa

Inda babu PCR, ko ana tsoron ba za ta dawo karɓar sakamako ba, ƙa'ida ta yarda a yi wa matashiya maganin kilamidiya da gonoriya tare tun ranar farko. Na kilamidiya shi ne doksisaikilin miligiram 100, safe da yamma, kwana 7. Na gonoriya allurar seftiriyakson ce sau ɗaya a tsoka: ƙa'idar Amurka ta 2021 ta ce miligiram 500, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2024 ta ce giram 1. Sifurofuloksasin da Ampiclox da jan kafso an daina dogaro da su a kan gonoriya, ƙwayar ta daɗe da sabawa da su. Mai ciki ba ta shan doksisaikilin; nata azitiromaisin ne giram 1 sha ɗaya, kuma a sake gwada ta bayan kamar mako 4 don a tabbatar ta rabu da ita, saboda ƙwayar na iya kama idon jariri a wajen haihuwa.

Doksisaikilin yana da sharuɗɗan da in aka karya su yake ba da kunya. A sha shi da cikakken kofin ruwa, a zaune ko a tsaye, kar a kwanta sai bayan aƙalla rabin awa, don in ya maƙale a maƙoshi yana yin gyambo. A raba shi da fura da nono, madara, maganin ƙarin jini da farin maganin olsa da tazarar awa biyu, domin suna kama shi a hanji su hana shi shiga jini. Sau da yawa kuwa magani kan faɗi ne tun a kwanakin farko: ruwa ya ragu, a ajiye sauran don gaba.

In an ga tirikomonas ko rikicewar ƙwayoyi, Flagyl ne miligiram 400 ko 500, sau biyu a rana, kwana 7. A jikin mata wannan ya fi shan giram 2 lokaci ɗaya aiki a kan tirikomonas. Yana sa ɗacin baki da tashin zuciya, a sha bayan abinci. Hafis na farko asaikulobiya ne miligiram 400 sau uku a rana, kwana 7 zuwa 10. Yana gajarta ciwon, ba ya fitar da ƙwayar daga jiki. Tsargiya firazikwantel ne miligiram 40 ga kowane kilo na nauyi, sha ɗaya: mai kilo 45 za ta sha miligiram 1,800, ƙwaya uku ke nan ta 600. Yana kashe tsutsar, amma tabon da ya tsufa ba lallai ya goge ba, shi ya sa ba da shi tun yarinya tana makaranta ya fi amfani.

In dubawa ta nuna ciwon ya hau sama, kwana 14 ne: allurar seftiriyakson sau ɗaya, doksisaikilin da Flagyl kowanne sau biyu a rana, a sake ganin ta cikin kwana 3. Dalilin tsanantawar yana cikin wani dogon bincike da aka yi a Lund ta ƙasar Suwidin, aka wallafa a 1992: toshewar bututun ƙwai ta hana haihuwa ga kashi 8 cikin 100 na matan da ciwon ya hau musu sau ɗaya, kusan kashi 20 ga sau biyu, kashi 40 ga sau uku ko fiye. Ga amaryar da dangin miji suka fara ƙirga mata watanni, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Mai robar tazarar haihuwa a cikin mahaifa ba sai an cire mata ba don an ga kumburi, ana yin maganin tana ciki. Sabuwa ce ba a sawa sai mugunyar ta ƙare.

Me ya sa yake dawowa

Amsar da ta fi yawa ba ƙarfin cuta ba ce, miji ne. Namiji na iya ɗauke da kilamidiya ko tirikomonas yana jin kansa garau. Duk wanda aka sadu da shi cikin kwana 60 da suka wuce sai ya sha magani, ko yana da alama ko babu. A gidan da ke da mata biyu ko uku, maigida da dukan matan za su sha a mako ɗaya, in ba haka ba cutar za ta riƙa bin kwana tana zagaya ɗakuna. A ƙaurace wa shimfiɗa har kowa ya gama kwana 7 ɗinsa, ko kwana 7 bayan maganin sha ɗaya. Wannan magana tana da nauyi a baki, kuma ta fi sauƙi in ma'aikacin lafiya ne ya kira maigidan ya yi masa bayani, ba a bar yarinya ta kai saƙon ita kaɗai ba. Ya kamata kuma a faɗa musu gaskiya: tunda ƙwayar na iya kwanciya shiru tsawon lokaci, har daga auren baya, samun ta yau ba shaida ba ce cewa wani ya ci amana jiya.

Bayan wata 3 a sake gwaji ko da ta ji sauƙi, domin sake kamuwa ya yi yawa. Kar a yi gaggawar maimaita PCR kafin mako 3 zuwa 4, gawar ƙwayar na iya sa ya nuna akwai alhali ta mutu.

In an tabbatar ta sha daidai, mijin ya sha, ba a sake kamuwa ba, amma mugunya na nan, sai a nemi maikofilasma. Maganinta hawa biyu ne: doksisaikilin kwana 7, sannan moksifuloksasin miligiram 400 sau ɗaya a rana kwana 7, ban da mai ciki. In ita ma babu, a tsaya. Ci gaba da jera magungunan kashe ƙwayoyi wata bayan wata ba a nuna yana da amfani ba, sai dai ya kashe ƙwayoyin kirki ya jawo kandida, ƙaiƙayi ya taso, a ce sanyi ya dawo. Abin yi a nan shi ne a dakatar da duk wani matsi da wankin ciki na tsawon wata biyu ko uku, tsarki da ruwa zalla daga waje, a sake dubawa.

Ƙonawa da daskararwa

Ana iya lalata jar fatar da sanyi ko da zafi. A daskararwa, kan ƙarfe mai sanyin iskar gas ake ɗorawa minti 3, a bari ya narke minti 5, a sake minti 3. A ƙonawa, ƙarfe mai zafin digiri 100 ake ɗorawa daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowane wuri. Asalin aikin waɗannan hanyoyi shi ne kawar da sauye-sauyen da ke gabatar sankara. Ga matashiyar da jar fatar halitta ce kawai ta faɗaɗo, ba a taɓa ta sai in jini bayan saduwa ko yawan ruwa ya dame ta da gaske, kuma sai an cika sharaɗi uku: babu ciki, an kawar da ƙwayar cuta, an tabbatar ba sankara ba ce. Ƙona wurin da ke da mugunya na iya tura ciwon sama. Ƙona sankarar da ba a gane ba yana rufe ta daga ido tana ci ta ƙasa. Yanke naman da waya mai lantarki kuwa, in ya yi zurfi, yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, a wasu kuma ƙofar ta tsuke. Macen da ba ta fara haihuwa ba tana da haƙƙin tambayar me ya sa za a yi, me kuma zai faru in an bari. Wadda aka yi wa za ta ga ruwa tsararo har mako 4, kuma a tsawon lokacin ba saduwa, ba tura komai ciki.

Jini bayan saduwa da ya ci gaba bayan an gama magani, ko wani tsiro, ko gyambo mai taurin gefe, ba na jira ba ne ko shekarunta 22. A shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a jira minti ɗaya a ga ko wuri zai yi fari, a duba da madubin ƙara girma, a yanki ɗan nama a kai gwaji. A 2020 Najeriya ta samu sababbin masu sankarar bakin mahaifa kusan 12,000, kusan 8,000 suka rasu. Ƙwayar HPV ce ke kawo ta, ba kumburin ba, sai dai farkonta kan yi kama da shi har a ruɗe. Tun Oktoban 2023 aka sa rigakafin HPV cikin allurai na yau da kullum a Najeriya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya. Gwajin tantancewa kuma, a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga shekara 30 ake farawa, mai ɗauke da HIV daga 25.

Zazzaɓi tare da ciwon mara mai tsanani, amai da ya hana shan magani, ko ɓatan wata da ciwo a gefe ɗaya da ɗigon jini da jiri, waɗannan na asibiti ne a daren, ba na kemis ba. Na ƙarshen nan alamar ciki ne a bututun ƙwai, wanda tabon kilamidiya ke yawan jawowa, kuma in ya fashe jinin a cikin ciki yake zuba inda ido ba ya gani.